PointPillars, SECOND, PV-RCNN ko CenterPoint: wanne ya kamata ka ɗora wa motar da ke tuƙa kanta?

Na'urar laida, wadda ake rubuta sunanta LiDAR a jikin kwali, ba hoto take ɗauka ba. Haske take harbawa, ya bugi abu ya dawo, ta auna lokacin da ya ɗauka, ta fitar da nisa. Wadda aka ɗora a kan motar da ta tara bayanan KITTI (rumbun bayanan titi da masu bincike ke horar da manhajojinsu da gwada su a kai) a birnin Karlsruhe na Jamus, wato Velodyne HDL-64E, tana da layin haske 64, tana juyawa sau 10 a daƙiƙa, kowane zagaye kuma yana ba da ɗigo sama da dubu 100. Kowane ɗigo lambobi huɗu ne kacal: nisansa a gaba, nisansa a gefe, tsayinsa, da ƙarfin hasken da ya dawo. Babu launi, babu fuska, babu rubutu. Daga wannan tarin ɗigo ake so kwamfuta ta ce ga mota nan, tsawonta kaza, nan ta fuskanta. Ga mutum can yana tafiya a ƙasa. Ga mai keke a bayansa. Kuma ta faɗa kafin zagaye na gaba ya iso, domin motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta riga ta ci kusan mita uku a wannan ɗan taƙin.

Ɗalibin digiri na biyu ko injiniyan da zai shiga wannan aiki yakan buɗe OpenPCDet ko MMDetection3D, rumbunan manhaja biyu da kusan kowa ke farawa da su, ya tarar da sunayen ragogin jijiyoyi birjik, wato manhajoji masu koyo daga misalai, irin su PointPillars, SECOND, PV-RCNN da CenterPoint. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne a leƙa jadawalin gasa a ɗauki wanda ke sama. Ni ban yarda da wannan hanya ba ko kaɗan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Makin da ke kan jadawali an same shi ne da katunan GPU takwas (katunan kwamfuta masu yin lissafi da yawa a lokaci guda), a kan titunan wata ƙasa, kuma yawancin mutane makin gano mota kawai suke dubawa, alhali mota ce abu mafi sauƙin gani a titi. Wanda ake tsoron a buge shi ne mai tafiya a ƙasa da mai babur.

Bari mu duba yadda laida ke ganin mutum, don duk muhawarar daga nan take tasowa. Tazarar da ke tsakanin layi da layi a HDL-64E kusan digiri 0.4 ce. A nisan mita 50, wannan ya zama santimita 35 tsakanin layi ɗaya da na samansa. Mutum mai tsayin mita 1.7 layi huɗu ko biyar ne za su ratsa shi, kowane layi ya bar ɗigo uku ko makamancin haka a faɗin ƙirjinsa. Ɗigo goma sha wani abu ke nan, shi ne mutum ɗungurungum. Idan laidar mai layi 32 ce irin wadda aka tara bayanan nuScenes, wani rumbun irin KITTI, da ita, tazarar layukan digiri 1.33 ce, wato fiye da mita ɗaya a wannan nisan, sai layi ɗaya ko biyu su taɓa shi. Turken fitila ma haka zai fito, ƙaramar bishiya ma haka. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace ragar jijiyoyi ita ce: wajen shirya ɗigon kafin ta fara lissafi, me take zubarwa, kuma abin da ta zubar ɗin ya shafi waɗannan 'yan ɗigo goma sha?

Masu aiki da ɗigo tsagwaronsa

Matsalar farko ita ce tarin ɗigo ba shi da jeri. Hoto yana da layuka da sahu, kowane ƙwayar hoto ta san maƙwabciyarta. Ɗigon laida kuwa ko ka juya jerinsu gaba ya koma baya, abu ɗaya suke nunawa. PointNet, wanda Charles Qi da abokan aikinsa suka fitar daga Jami'ar Stanford a 2017, shi ya warware wannan: a bi kowane ɗigo shi kaɗai da raga iri ɗaya, a ƙarshe a ɗauki lamba mafi girma a kowace sifa, don mafi girma ba ya canzawa ko ta ina ka fara ƙirga. PointNet++ ya biyo baya a shekarar, ya ƙara tara ɗigo rukuni-rukuni da maƙwabtansu.

A kan wannan Shaoshuai Shi da malamansa a Jami'ar Sin ta Hong Kong suka gina PointRCNN a 2019. Yana tsamo ɗigo 16,384 daga kowane zagaye, ya tantance wanne ne na jikin abu wanne ne na ƙasa ko bango, ya ba da shawarar akwati, wato iyakar da ake zanawa ta kewaye abin, daga kowane ɗigon jikin abu, sannan mataki na biyu ya gyara akwatunan. Ba ya murƙushe ɗigo cikin wani raga-raga, don haka ainihin wurin kowanne yana nan. A KITTI ya yi kyau ƙwarai wajen masu keke.

Amma ba zan ba ka shawarar sa shi a mota ba. Neman ɗigon da ya fi nisa da waɗanda aka riga aka zaɓa, da neman maƙwabta, aiki ne mai cin lokaci da ba ya rabuwa da kyau a kan GPU. KITTI ma gaban mota kaɗai aka yi wa alama, iya inda kyamara ke gani. Da zarar ka koma bayanan da suka kewaye motar ta ko'ina, ɗigon ya ninka, dole ka tsame kaɗan ka watsar da saura, kuma waɗanda suka fi saurin salwanta su ne 'yan ɗigon mutumin nan na nesa. 3DSSD na 2020 ya rage wannan ciwo da sabuwar dabarar tsamo ɗigo, ya kuma cire mataki na biyu. Duk da haka wannan dangi ya fi amfani ga mai son fahimtar fannin, ko mai aiki da ƙaramin fili kamar cikin ɗaki ko sito.

Tubala

Ɗaya hanyar ita ce a yanka sararin gaban mota zuwa ƙananan tubala masu girma ɗaya, kowane ɗigo ya faɗa cikin tubalinsa, sai a samu jerin da za a iya bi da matatar kwambolushan, irin wadda ke zagaya hoto tana tace sifofi. Yin Zhou da Oncel Tuzel na kamfanin Apple suka fara nuna haka da VoxelNet a ƙarshen 2017. Ya yi aiki, amma da ƙyar yake gama zagaye huɗu da ɗoriya a daƙiƙa, laida kuwa goma take kawowa. Dalilin a fili yake: yana lissafi a kan kowane tubali, har da waɗanda babu komai cikinsu sai iska.

Dubi yawan iskar. A tsarin da OpenPCDet ke amfani da shi a KITTI, ana ɗaukar mita 70.4 a gaba, mita 40 kowane gefe, mita 4 a tsaye, tubali kuma santimita 5 a faɗi, 5 a tsawo, 10 a tsayi. Tubala kusan miliyan 90 ke nan. Waɗanda ke da ɗigo a ciki ba su wuce 'yan dubun goma ba. SECOND, wanda Yan Yan da abokansa suka wallafa daga Jami'ar Chongqing a 2018, ya zo da matata mai tsallake wofi: tana riƙe jerin tubalan da ke da kaya, ta yi lissafi a kansu kaɗai. Gudu ya tashi zuwa wajen zagaye 20 a daƙiƙa. Manhajar da ta fito daga wannan aiki, spconv, ita ce har yau ƙashin bayan kusan duk ragar da ke aiki da tubala.

SECOND ya bar wata gado da ta fi sunansa yaɗuwa. Kafin horarwa, sai a yanko ɗigon kowace mota da kowane mutum da aka yi wa alama a ajiye a ma'aji, lokacin horarwa kuma a riƙa ɗebowa ana dasawa a wasu titunan, muddin ba su hau kan wani abu ba. Titin da ke da mota biyu ya koma mai mota goma sha biyar. Kusan kowa yanzu yana yin haka, kuma ga mai 'yan bayanai kaɗan babu dabarar da ta kai ta amfani. Ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Farashin tubali ba a horarwa yake fitowa ba, sai ranar da za ka kai ragar cikin ƙaramar kwamfutar mota irin Jetson ta NVIDIA. Matata mai tsallake wofi ba ta cikin ayyukan da ke wucewa kai tsaye ta ONNX zuwa TensorRT, manhajojin da ake bi wajen mayar da raga ta yi gudu a irin wannan kwamfuta, sai an haɗa da ƙarin manhaja ta musamman. Ko girka spconv ma sai sigarta ta dace da ta CUDA da ta PyTorch, manhajojin da take dogaro da su. Wanda bai taɓa yi ba ya ware wa wannan lokaci na musamman.

Ginshiƙai, da dalilin da ya sa suka mamaye ko'ina

A 2019 Alex Lang da abokan aikinsa a nuTonomy suka yi tambaya mai sauƙi: a titi, sau nawa ake samun mota a saman mota? Abubuwa a ƙasa suke zaune, gefe da gefe. To me zai sa a yanka tsayi? Sai suka shimfiɗa raga-raga a ƙasa mai gida santimita 16 a kowane gefe, kowane gida ya miƙe sama ya zama ginshiƙi guda tun daga ƙasa har ƙololuwa. Gidaje 432 sau 496. A zagaye ɗaya na KITTI ginshiƙai dubu 6 zuwa dubu 9 ne kawai ke da ɗigo, kusan kashi 97 cikin ɗari fanko ne.

Kowane ɗigo a cikin ginshiƙi ana ƙara masa bayani: nisansa da tsakiyar taron ɗigon ginshiƙin, da nisansa da tsakiyar gidan, ya zama lambobi tara. Ƙaramin PointNet ya bi su, ya matse ginshiƙin gaba ɗaya zuwa lambobi 64. A mayar da kowanne gidansa, sai ga wani abu kamar hoton da aka ɗauka daga sama, mai zurfin sifa 64 maimakon launi uku. Daga nan aikin ya zama na hoto zalla, irin wanda aka shafe shekaru ana gyara GPU dominsa. PointPillars ya kai zagaye 62 a daƙiƙa a kan katin GPU mai suna GTX 1080 Ti, wata sigarsa mai sauƙi ma ta kai 105.

Wannan gudun ba ado ba ne. Gano abubuwa ɗaya ne cikin ayyukan da ke layi a kwamfutar mota: akwai bin sawu, hasashen inda kowa zai nufa, tsara hanya, kyamarori shida ko fiye, duk a kan GPU ɗaya ko biyu. Ragar da ta cinye kashi takwas cikin goma na lokacin ta bar sauran da yunwa. Shi ya sa Apollo, manhajar tuƙi ta kamfanin Baidu, ya ɗauki PointPillars, NVIDIA ta fitar da sigarsa da aka gyara don Jetson, Autoware kuma, wata manhajar tuƙi ta kyauta, ya gina mai gano abubuwansa a kan ginshiƙai.

To me aka zubar? Tsayi. Ba wai an manta da shi ba, yana cikin lambobi taran nan, amma an matse shi tun a matakin farko da ƙaramar raga mai hawa ɗaya. SECOND yana da bene 40 na santimita goma-goma, matatarsa tana iya koyon cewa nan ƙafafu ne biyu, sama da su gangar jiki, sama kuma kai. PointPillars dole ya tsinci wannan daga taƙaitaccen bayanin ginshiƙai uku ko huɗu. Ga mota, wadda ta shimfiɗu a kan gidaje da yawa, ba wata asara. Ga mutum da turke, asarar tana nan.

Alƙaluman da OpenPCDet ya wallafa a kan rabin KITTI na gwaji, a matsakaicin mataki na wahala, sun nuna haka, amma sai ka karanta su da hankali. A mota, PointPillars ya sami maki kusan 77 cikin ɗari, SECOND kusan 79, PointRCNN ma kusan 79. A masu keke, 63 da 67 da 72. A masu tafiya a ƙasa kuwa 52 da 53 da 54, kamar babu bambanci. Kada wannan na ƙarshen ya ruɗe ka. A hotuna 7,481 na KITTI da ke da alama akwai motoci sama da dubu 28, amma masu tafiya a ƙasa ba su kai dubu 5 ba, masu keke ba su kai dubu 2 ba. Da irin wannan ƙarancin, sake horar da raga ɗaya sau biyu ma yana iya ba ka maki mabambanta. A nuScenes, inda aka yi wa akwatuna miliyan 1.4 alama kuma ake auna nau'i goma har da babur da keke da mazugin hanya, tazarar ta fito sarari: PointPillars wajen 45, SECOND wajen 51.

PV-RCNN: gwani mai nauyin jiki

Shaoshuai Shi ya dawo a 2020 da PV-RCNN, wanda ya haɗa hanyar ɗigo da ta tubala. Tubala masu tsallake wofi su ba da shawarar akwatuna, a gefe kuma a zaɓi ɗigo 2,048 a matsayin wakilai, kowanne ya tattaro bayani daga tubalan da ke kewaye da shi a matakai daban-daban. Sannan a shimfiɗa ɗigo shida sau shida sau shida a cikin kowane akwatin da aka ba da shawara, su tsotso bayani daga wakilan, a gyara akwatin. A jadawalin nan na OpenPCDet ya kai kusan 84 a mota da 58 a masu tafiya a ƙasa.

Ka lura da inda ribar ta fi yawa. KITTI ba ya karɓar akwatin mota sai ya haɗu da na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, don haka wani ɓangare mai yawa na ƙarin makin daga daidaita akwati yake zuwa, ba daga ganin motar da wasu suka kasa gani ba. Wannan abu ne mai daraja, amma a wurinsa. Horar da shi ya ɗauki kusan awa 5 a kan katuna takwas, PointPillars kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna, SECOND ƙasa da awa biyu. Idan kati ɗaya gare ka, ninka kowanne sau takwas: kusan awa 40 a gefe guda, kusan awa 10 a ɗaya gefen. Mai dogaro da GPU na kyauta a Kaggle, inda ake ba da kusan awa 30 a mako, zai iya gwada PointPillars sau uku a mako, amma ba zai gama PV-RCNN sau ɗaya ba. Bincike kuwa gwaji ne a kai a kai. Wanda ya gwada dabara goma da ƙaramar raga ya fi wanda ya gwada ɗaya da babba sanin abin da yake yi.

Inda nake ganin PV-RCNN ba shi da na biyu a cikin waɗannan shi ne aikin da ba na gaggawa ba. Ka tara bayananka, kana so a yi musu alamar farko kafin mutum ya zauna ya gyara da hannu: nan daƙiƙa ba ta dame ka ba, daidaiton akwati kake so.

CenterPoint ya canza tambayar

Duk waɗanda aka ambata masu tubala da ginshiƙai sun gāji wata al'ada daga masu gano abu a hoto: akwatunan awo. A kowane gida na taswira ana ajiye akwati mai girman matsakaiciyar mota, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, raga ta koyi cewa akwai mota a nan ko babu, da kuma yadda za a ɗan ja akwatin ya dace. A KITTI akwatin awon mota mita 3.9 ne a tsawo da 1.6 a faɗi. Muddin motoci suna bin titi a miƙe, lafiya lau. Da motarka ta shiga shataletale ko kwana, duk motocin da ke gabanta sun karkace, babu akwatin awon da ya zauna musu daidai.

Tianwei Yin, Xingyi Zhou da Philipp Krähenbühl na Jami'ar Texas da ke Austin suka yar da akwatunan awo a CenterPoint, 2021. Raga tana zana taswira ga kowane nau'in abu, inda ta fi haske nan ne tsakiyar abin. Tsakiya ba ta da fuska, ko ta ina abu ya juya tana nan inda take. Daga wannan ɗigon tsakiya sai a karanto tsawo, faɗi, tsayi, inda abin ya fuskanta, da gudunsa. Gudun yana samuwa ne saboda a nuScenes ana haɗa zagaye goma na baya, rabin daƙiƙa ke nan tunda laidarsu sau 20 take juyawa a daƙiƙa, kowane ɗigo da hatimin lokacinsa. Wannan haɗin shi ne kuma ke cike giɓin laida mai layi 32.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: CenterPoint ba kishiyar ginshiƙi ko tubali ba ne. Kai ne, wato ɓangaren ƙarshe na raga mai fitar da akwatuna, da ake ɗorawa a kan kowanne. A alƙaluman OpenPCDet na nuScenes, ginshiƙai da sabon kan sun tashi daga wajen 45 zuwa 50, tubala masu santimita 10 daga wajen 51 zuwa 56, da aka ƙanƙanta tubalin zuwa santimita 7.5 kuma ya kai 59. Wato canza kai kaɗai ya kawo ribar da ta kusa ta sauya ginshiƙi da tubali, ba tare da ɗaukar wahalar spconv ba. A ganina wannan ne ciniki mafi riba a duk fannin.

Sanin gudu yana sauƙaƙa bin sawu: ka mayar da tsakiyar abu baya gwargwadon gudunsa, ka haɗa shi da mafi kusa a zagayen da ya wuce. Kuma bin sawu ba ƙaramin abu ba ne. A daren 18 ga Maris 2018, motar gwaji ta Uber ta buge wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi a Tempe, jihar Arizona, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urorin motar sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon. Ganin ya samu. Amma manhajar ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, an jima abin da ba a sani ba, an jima keke, kuma duk sanda sunan ya sauya sai hasashen hanyarta ya fara daga farko ba tare da tarihin motsinta ba. Ba waɗannan ragogin da muke kwatantawa ne a motar ba, kuma CenterPoint shi kaɗai ba ya maganin wannan. Na kawo shi ne don makin da ke kan jadawali zagaye ɗaya-ɗaya yake aunawa, ba ya gaya maka ko ragarka tana tsayawa a kan magana ɗaya daga zagaye zuwa zagaye. Wannan sai ka auna da kanka, ko wacce ka zaɓa.

Titin wa aka koya mata?

KITTI Karlsruhe ne, 2012. nuScenes Boston da Singafo ne, fage 1,000 na daƙiƙa ashirin-ashirin. Bayanan kamfanin Waymo na 2019 daga San Faransisko, Phoenix da Mountain View suke. Masu bincike a Jami'ar Cornell sun nuna a 2020 cewa ragar da aka horar a Jamus tana faɗuwa warwas a titunan Amurka, kuma babban dalilin girman mota ne: ta saba da ƙananan motocin Turai, sai ta riƙa zana gajeren akwati a kan doguwar motar Amurka. Dubi akwatin awo ma: mita 3.9 a KITTI, 4.7 a Waymo.

Idan tsakanin Jamus da Amurka haka ne, wanda ke tunanin titin Zariya a Kano ko kewayen babbar kasuwar Maraɗi ya san abin da ke jiransa. Adaidaita sahu ba ya cikin nau'o'in da ake aunawa a ko ɗaya daga cikin ukun. Tsawonsa bai kai mita uku ba, ya fi babur faɗi, bai kai mota ba. Babur mai ɗauke da mutum uku da buhu ba siffar babur ɗin Boston ba ce. Dabba tana cikin nau'i 23 da aka yi wa alama a nuScenes, amma ba ta cikin goman da ake gasa a kansu, don haka ragar da ka sauko da ita ba a koya mata akuya ko saniya ba. Ga kuma ƙurar hunturu: haske yana bugun ƙura ya dawo tun bai kai ko'ina ba, sai ɗigon ƙarya su taru kusa da mota, na nesa kuma su ragu. Babu ɗaya daga cikin rumbunan nan da aka ɗauka a Afirka ta Yamma.

Wannan ya ƙara nauyi a ɓangaren CenterPoint, don ba sai ka zauna kana auna akwatin awo ga kowane sabon nau'i ba. Ya kuma dawo da mu kan dabarar SECOND ta dasa abubuwa: idan ka samu laida ko ta aro ce, ka yi wa adaidaita sahu 'yan ɗaruruwa alama da hannu, kana iya dasa su a dubban titunan KITTI ko nuScenes lokacin horarwa. Sai dai laidar da ka ɗauka da ita ta yi kusa da tasu a yawan layi da tsayin da aka ɗora ta, in ba haka ba raga za ta koyi gane salon layukan ne, ba siffar abin ba. Wanda ba shi da laida yana iya farawa da CARLA, manhajar kwaikwayon tuƙi ta kyauta, wadda ke fitar da ɗigon laida na kwaikwayo tare da alamarsu.

To, wanne?

Idan yau ka fara, kati ɗaya gare ka ko na kyauta, intanet ɗinka kuma da kuɗi kake saye, ɗauki PointPillars a kan KITTI. Ɗigon laidar KITTI gigabayit 29 ne, cikakken nuScenes kuwa ɗaruruwa ne, ko da yake yana da ƙaramar siga mai fage goma da ta isa ka gwada ko manhajarka na tafiya. PointPillars ƙarami ne har za ka iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ka san abin da kowane layi ke yi, kuma wannan sanin zai bi ka duk inda ka koma.

Idan abin zai hau mota ko mutum-mutumi na gaske mai ƙaramar kwamfuta, CenterPoint a kan ginshiƙai, kamar yadda Autoware ya yi. Idan kuwa gwajinka ya nuna yana kuskuren mutane da babura a nesa, kuma kwamfutar tana da sauran ƙarfi, to lokacin biyan kuɗin tubala ya yi: CenterPoint a kan tubala, ka haƙura da wahalar girkawa. Ni a nan na fi karkata ga duk abin da zai yi gudu a cikin jama'a, domin maki shidan nan da ke tsakanin ginshiƙi da tubali galibi a kan ƙananan abubuwa suke, ƙananan abubuwan kuwa mutane ne. PV-RCNN ka bar shi a tebur yana taya ka yin alama. Masu haɗa laida da kyamara, irin BEVFusion na MIT a 2022, suna ƙara maki musamman inda launi da rubutu ke da amfani, amma suna buƙatar a daidaita kyamara da laida daidai wa daida a wuri da lokaci. Kada ka fara da su.

Wajen kwatanta sakamakonka da na wasu, ka tabbata ma'auni ɗaya kuke magana a kai. KITTI ya sauya yadda yake lissafin maki a 2019, daga matakai 11 zuwa 40, kuma lambobin biyu ba sa haɗuwa. Waɗanda na kawo a sama na matakai 11 ne. nuScenes ba ya duba haɗuwar akwati, nisan tsakiya da tsakiya yake aunawa, daga rabin mita zuwa mita huɗu. Waymo yana rage maki idan ka juya gaban mota ya koma baya. Sannan kada ka tsaya a maki guda: raba shi gida uku, ƙasa da mita 30, daga 30 zuwa 50, da abin da ya wuce 50, kowane nau'i daban. Lasisin rumbunan ukun nan kuma na bincike ne ba na kasuwanci ba, don haka idan kana da niyyar sayar da abin da ka gina, ka karanta sharuɗɗan tun kafin ka kashe mako guda kana horarwa.